Yadda Aka Sauko da Baba Mai Walda daga Kan Tanki

Teburin namana yana kasuwar Mayil Wan ne a Fatakwal, daidai kwanar da 'yan keke-napep da direbobin bas suke haɗuwa su yi ta gaisawa da zagi tun safe har yamma. A nan na tsufa. Duk Bahaushen unguwarmu ta Diyobu, in bai sayi nama a wurina ba, to ya taɓa zama a bencina ya sha inuwa kyauta, ya tafi da labarin da rabinsa ni na ƙera. Ban ɓoye wa kowa ba. An san ni da ƙarin gishiri, har ta kai in na ce an yi ruwa jiya, sai mutum ya leƙa ya duba ƙasa tukuna, a garin da ruwa ba ya zuwa hutu.

Cikin masu zaman bencin nan akwai wanda muke kira Injiniya. A gabana aka haife shi, a nan unguwar, don haka Turancin buroka ya fi Hausa gudu a bakinsa, in kuwa ya juya harshe zuwa Ibo sai matan kasuwa su fara tambayarsa ɗan wane ƙauye ne. Ya yi karatun injiniya, ya sami aiki a wani kamfani can bakin ruwa da ke ƙera manyan tankunan ƙarfe na ajiye mai, irin waɗanda in ka hau kansu za ka hango Anacha, in gari ya yi haske har ka ɗaga wa masu lodin albasa hannu. Ya san ƙarfe. In ya tsaya yana kallon ƙarfe, ƙarfen da kansa yake faɗa masa inda ke yi masa ciwo. Mutum ne dai bai iya ba.

Sai kamfanin ya ba shi riƙon sashen masu walda, na gwaji, in ya yi abin kirki a tabbatar masa da kujerar. Suka kuma tura shi kwas ɗin shugabanci, irin wanda ake yi wa injiniyoyin da aka ciro daga cikin inji aka ɗora a kan mutane. A Inugu ake yi, ƙarshen mako, jefi-jefi. Ya tafi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sauka wurin 'yan'uwanmu mahauta na unguwar Kwal Kam, ya dawo Lahadi da kai cike da Turanci.

A cikin masu waldar da aka damƙa masa akwai Baba. Tsoho ne Bakano, busasshe kamar kilishi, ya zo Kudu tun Injiniya bai zo duniya ba. Aminin marigayi uban Injiniya ne, ɗaki ɗaya suka yi zaman gwauranci. Shi ya riƙe ragon sunan yaron, ni ina saurayi na feɗe. Da uban ya rasu, shi ya tsaya masa a aure, shi kuma ya kama hannunsa ya kai shi kamfanin nan tun yana ɗalibi. Injiniya bai taɓa furta sunansa ba, ko a mafarki. Kullum da safe, da hular kwanonsa da takalmin ƙarfensa, sai ya tsuguna a tsakiyar yadi ya gaishe shi, ma'aikata Ibo da Ijo suna tsaye suna kallo. An ce wani sabon ɗauka ya taɓa tambaya, "Abeg, who be oga for here?" Wato wa ye shugaba a nan. Aka nuna masa wanda yake tsugune.

Ni da Baba kuwa wasa ne tsakaninmu, shi Bakano ni Bazazzagi. Tun kakanni haka muka tarar, ba mai jin haushin wani. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ina iya tare shi a tsakiyar kasuwa in ce masa tsohon ɓarawon gurasa, shi kuma ya ce, "Bawana, yau ma da ruwan fate ka yi wanka?" Duk abin da wani zai faɗa masa a raba su da ƙyar, ni in na faɗa dariya zai yi ya wuce.

Matsalar ta taso ne daga likitan kamfani. Aka auna ma'aikata, aka ga Baba yana da hawan jini, yana jiri, ga yana ta fara rufe masa ido ɗaya. Likita ya ce wannan bawan Allah ya gama hawa sama, ya yi waldarsa a ƙasa. Baba kuwa duk girmansa a saman tanki yake. Waldar rufin tanki, can ƙololuwa, tasa ce tun ana ɗaura hular kwano da igiya. In ka ce ya sauko ƙasa ya riƙa liƙa ƙafar benci tare da 'yan koyo, to ka ce masa ya tsufa, kuma ka faɗa a gaban duniya.

Manajar kamfanin, wata 'yar Ibo ce mai magana a hankali kamar ba ta son tashin kowa daga barci, ta kira Injiniya ta ce shi zai faɗa masa. Ta ce tana iya aika mai gadi ya faɗa, amma in mai gadi ne zai yi, to mai gadin za ta ba kujerar.

Da la'asar ya zo ya zube a bencina kamar buhun gari.

Na ce, "Injiniya, wa ya mutu?"

Ya ce, "Kawu, gara a ce ni ne."

Ya kwashe labarin ya faɗa mini. Na ce to ai ga ka kana kwas, me suke koya muku a Inugun, rawar Ibo? Ya ce a'a, daidai wannan darasin suke kai ma, yadda shugaba yake faɗa wa na ƙasa da shi magana mai ɗaci. Malaminsu wani tsohon injiniya ne da ya yi shekaru yana riƙe da ma'aikata, ranar farko ma ya ce musu injiniya yana iya tanƙwara ƙarfe mai kaurin cinya amma ya kasa ce wa mutum "a'a". Na ce wannan malamin ya san ka tun kana goye. Me ya ce a yi?

Ya ce da farko ka kira mutumin ofis.

Na ajiye wuƙa. "Ka aika a kira maka Baba? Ya taso ya zo ya same ka kana zaune?"

"Haka aka ce. Sannan ka kira sunansa, don ya ji kun zama ɗaya. Kada ka ja gaisuwa. Ka kalle shi cikin ido."

Na ce, "Tsaya. A cikin ajin naku akwai wanda aka haifa kuwa, ko duk daga kwali aka ciro ku? Ka kira shi ofis, ka kama sunansa gatsal, ka yanke gaisuwa, ka zuba masa ido. Injiniya, ai ko ba ka ce komai ba ka gama zaginsa har kakansa na Dala."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai saura. Wai ka fara da yabo, ka sa maganar mai ɗaci a tsakiya, ka rufe da yabo. Na ce wannan na san shi, haka nake yi wa matan da ke sayen na miya, tsoka a sama, tsoka a ƙasa, ƙashi a tsakiya. Sai sun je gida.

An ba su aikin gida, kowa ya sami wani ya gwada maganar a kansa kafin ya je ga mai ita. Ya ce ni zan zama Baba. Na ce ai ka zo wurin da ya dace, na fi Baban iya Baba. Na jawo hulata ta rufe gira, na tanƙwashe ƙafa a kan benci, na runtse ido ɗaya. Mai albasa na kusa da ni ya bar kayansa ya matso, mai doya ma haka.

Injiniya ya gyara murya. "Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗana. Ya iyali? Ya mai jego? Ya ƙafar nan taka da ka karye kana aji uku, na goya ka a baya har asibiti cikin ruwa, ban ma sa takalmi ba?"

"Kawu, ba haka zai ce ba."

"Wa ye Kawu? Ni Babanka ne. Faɗi abin da ya kawo ka, tanki yana jirana."

"Baba, kowa ya san babu mai hannunka a walda duk Fatakwal..."

"Duk Najeriya."

"Duk Najeriya. Sai dai likita..."

Na dafe ƙirji. "Allah ya jiƙan ubanka. Ranar da zai cika, hannun nan nawa ya riƙe, ya ce ga amanar yaron nan. To, likita ya ce me?"

Wallahi sai ga Injiniya yana share ido da hannun riga, a gaban mahauci mai ƙarnin nama da hula a gira. Mai albasa ya ce, "Kai Malam, ka yi masa sauƙi mana." Na ce sauƙin me, ai ainihin Baban ya fi ni mugunta. Muka sake gwadawa har rana ta yi sanyi. Duk inda muka bi, a kan "likita" motar take mutuwa.

Washegari ya je da niyyar gamawa. Da yamma ya dawo, na ce yaya? Ya ce ya sami Baba a gindin tanki yana shirin hawa. Ya tsuguna, suka gaisa, ya yi yabon farko, ya yi shi da kyau. Yana shirin shiga tsakiya sai Baba ya ce, "Ɗana, riƙe mini tsanin nan." Ya riƙe.

Na ce, "Ka je sauko da mutum, ka ɓuge da taya shi hawa?"

Ya ce, "To Kawu in ce ba zan riƙe ba?"

A nan ne ya kawo shawarar da yake ganin ta fi ta Inugu. Ya ce ai mu ma muna da tsarinmu. Yaro ba ya tunkarar babba da magana irin wannan, sai ya sami wani ya aika. Kuma duk garin nan ba wanda yake faɗa wa Baba abin da ya ga dama ya kwana lafiya sai ni. Ni abokin wasansa ne, ba zai riƙe ni ba. In je in faɗa masa, shi kuma daga baya ya bi sawu ya shafa mai.

Na ce kai ka san ni kuwa? Ya ce ya san ni, shi ya sa ma. Mai albasa ya ce dabara ce mai kyau, mai doya ya ce ko su a ƙauyensu haka ake yi. Mutum huɗu masu gemu muka zauna muka yarda da wannan magana, ba wanda ya hango ramin da ke gabanta.

Na sami Baba ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidan da yake haya, yana gyara ƙafar wata kujerar ƙarfe ta maƙwabta. Na yi sallama cikakkiya. Na zauna a ƙasa da shi. Na ɗaure fuska irin ɗaurin da ban yi ba ko ranar da hukuma ta kwashe mana tebura.

Ya dube ni da idonsa mai kyau. "Bawana, lafiya? Fate ya ƙare a duniya ne?"

Na ce, "Baba, yau ba wasa ya kawo ni ba. Aiko ni aka yi."

"Wane marar sa'a ne ya rasa ɗan aike sai Bazazzagi?"

"Ɗanka Injiniya. Likitan kamfani ya ce jininka ya hau, idonka ya yi yana. An ce ka daina hawa tanki, ka dawo walda a ƙasa."

Ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Tunda nake ban taɓa faɗin magana tsirara haka ba, har sai da na ji kunyarta. Baba ya kalle ni, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ajiye guduma. Ya yi dariya har ya kwanta a jikin bango, ya kira matarsa ta leƙo ta labule.

"Zo ki ji na yau! Wai an sauke ni! Kuma dubi fuskarsa, don Allah dubi fuskar! Kai, wannan karon ka yi shiri."

Na ce, "Baba, wallahi..."

"Har da wallahi! Bara ba kai ka ce mini gwamna zai zo cin tsire a teburinka ba, na sa babbar riga na zauna har azahar? Ba kai ka ce an ga kada a kwatar Mayil Wan yana jiran keke ba?"

"Wancan daban."

"Duk ɗaya ne. Tashi ka ba ni wuri, ɗan fate. In ɗana yana da magana, bakinsa ciwo yake?"

Iya ɗaure fuskata, iya dariyarsa. Ya sa aka kawo mini kunu, ya ce ladan wasa ne. Na sha, don kunun gidansa ba ya da laifi a cikin maganar.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar Litinin, Injiniya ya tsuguna gaisuwa a yadi, zuciyarsa fes, yana zaton an share masa hanya. Sai Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ka ji abin da bawan nan nawa ya ƙirƙiro? Wai kai ka aiko shi a ce na daina hawa. Har da rantsuwa!" Ya fashe da dariya. Injiniya, da digirinsa da kwas ɗinsa, ya buɗe baki ya taya shi. Har ya ƙara da cewa, "Ai ka san Kawu."

Da ya faɗa mini, na ce madalla, yanzu ka sa hannu da kanka cewa ƙarya ce. Ni dai na isar da aike, ka tambayi kunun da na sha.

Kwanaki kaɗan bayan haka, Baba yana can ƙololuwa jiri ya ɗebe shi. Ɗamarar da ake ɗaura wa masu hawa ce ta riƙe shi, bai faɗo ba. Gudumarsa ce ta faɗo, ta dira kusa da ƙafar wani ɗan Ijo mai jan waya, ta fasa siminti. An ce mutumin zama ya yi a ƙasa ya cire hularsa yana kallon cikinta. Baba ya sauko ya ce santsi ne, ruwan safe ya jiƙa ƙarfen.

Manaja ta kira Injiniya. Ba ta ɗaga murya ba, an ce ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta ce zuwa ƙarshen wata, ko ya sauko da tsohon nan da bakinsa, ya ci gaba da aikinsa a ƙasa da mutuncinsa, ko kuma ita ta sallame shi gaba ɗaya, shi kuma Injiniya ya koma cikin injinansa, ta nemo wanda zai iya magana.

Ƙarshen makon nan akwai kwas. Ya tafi Inugu kamar mai zuwa ta'aziyya. Da aka zo kowa yana ba da labarin aikin gidansa, ya miƙe ya faɗi nasa duka, har da tsani, har da ni. Ya ce ajin ya yi dariya har wani ya faɗo daga kujera. Wannan ƙarin nawa ne, shi cewa ya yi sun yi dariya. Malamin ne kawai bai yi ba. Ya tambaye shi, ofis da kiran suna da kallon ido, su ne suka hana ka? Injiniya ya ce su ne, a wurinmu zagi ne. Malamin ya ce to zubar da su, riga ce kawai, kowa ya sa ta garinsu. Abu biyu ne ba a zubarwa: kai za ka faɗa, kuma ka faɗa a numfashi ɗaya ka yi shiru, kada ka cika wurin da surutu don ka ji sanyi. Sannan ya ce masa, wannan da kake kira girmamawa, duba da kyau, tsohon kake karewa ko kanka? Don wanda ake karewa ba a barinsa a saman tanki da jiri.

Injiniya ya ce tun daga Inugu har Fatakwal, da duk ramukan hanyar nan, maganar ba ta zube daga kansa ba.

Ya zo mini Lahadi da yamma ya ce gobe ba za a shiga yadi da wannan magana ba, yau za a yi ta, a gidan Baba, kuma in raka shi. Na ce ni kuma? Ba ka ƙoshi ba? Ya ce babba ake tafiya da shi irin wannan wuri, ko don shaida. Amma da sharaɗi.

"Kawu, ba za ka ce komai ba."

"Ko gaisuwa?"

"Gaisuwa kawai. Daga nan ko tari kada ka yi."

Na ce wannan ai ya fi azumin bazara, amma mu je. Na bar wa mai albasa tebur.

Muka tarar da Baba a kan tabarma a tsakar gida bayan la'asar, rediyo a gefensa. Da ya gan ni ya washe baki zai fara, sai ya ga wanda ke bayana, ya ga kuma ban tanka ba. Ya rage muryar rediyon. Injiniya ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya tsuguna a gefen tabarma, bai hau ba. Ya yi gaisuwa doguwa, ta gidan duniya: gajiya, iyali, jiki, ruwa, mutanen gida can Arewa, labarin amfanin gona. Baba yana amsawa yana kallonsa. Ni ina gefe a kan turmi, maganganu suna ta zuwa mini har wuya ina mayar da su.

Gaisuwa ta ƙare. Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon bakin tabarma.

Ya ce, "Baba, daga gobe ba za ka ƙara hawa tanki ba, za ka yi walda a ƙasa."

Ya yi shiru. Ba yabo a sama, ba yabo a ƙasa.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar. Ana jin janareton maƙwabta, ana jin wata mata tana kiran ɗanta da Ibo a bayan katanga. Na ga bakin Injiniya yana motsi yana son ya ƙara wani abu, ya danne. Gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Can Baba ya ce, "Wa ya aiko ka? Matar nan?"

"Ba wanda ya aiko ni, Baba. Likita ya faɗi nasa. Sashen a hannuna yake. Ni na yanke."

"Kai ka yanke."

"Ni ne, Baba."

Baba ya juyo ya dube ni. Na dubi turmi.

Ya ce, "Ashe maganar bawan nan gaskiya ce."

"Gaskiya ce. Ni na aike shi. Na kasa zuwa ne."

"Kuma ka tsaya a yadi kana taya ni dariya."

"Na yi, Baba."

Baba ya daɗe yana murza yatsun hannunsa, duk tabon wuta ne a jikinsu. Ya ce ranar da gudumar nan ta faɗi, bai ga mutumin da ke ƙasa ba sam, sai da aka yi ihu. Bai faɗa wa kowa ba. Ya faɗi haka ne yana kallon rediyo, kamar da ita yake. Sannan ya ce, "In na ce ban yarda ba fa?"

Injiniya ya ce, "Ba zan bari a ba ka ɗamara ba, Baba. Kuma ba zan riƙe tsani ba."

Baba ya yi wani ɗan sauti a hanci, ba dariya ba ce, ba kuma kuka ba. Ya jawo butarsa.

"Na ji. Ku tashi ku je, zan yi alwala."

Ba lokacin salla ba ne. Muka tashi. Bai raka mu ko ƙofa ba, mutumin da in ka je gidansa sai ya taka maka har bakin titi ya tsayar maka da keke ya yi faɗa da direban. Muka kama hanya. Ni da aka sakar wa baki, sai da muka iso kasuwa na buɗe shi, na ce wa mai albasa ya cinye mini riba.

Washegari Baba ya je aiki a kan lokaci. Ya wuce gindin tanki bai ɗaga kai ba, ya shiga rumfar ƙasa, ya kori wani daga bencin da ya fi haske ya zauna. Rufin tankin aka ba ɗan Ijon nan da guduma ta kusa raba shi da ƙafa, ashe shi ma ya iya walda. Ƙarshen wata aka tabbatar wa Injiniya da kujerarsa. Ya gama kwas, aka ba su satifiket a wani otal a Inugu, ya kawo hoto ya nuna mana, yana tsaye cikin kwat kamar an ɗaure shi a jikin turke.

Baba ya rage zuwa bencina. Matarsa take aiko a sayi na miya. In mun haɗu a masallaci na ce masa ɓarawon gurasa, yakan ce, "Bazazzagi, ya kasuwa?" ya wuce. Injiniya shi ma zamansa ya ragu, yanzu mota ce take kawo shi, ya sayi nama a tsaye, waya tana ta kuka a aljihunsa.

Wata ranar Asabar ya ɗan zauna. Na tambaye shi yaya sashe. Ya ce lafiya, sun gama tankin, sun fara wani, ba wanda ya ji ciwo. Ya ce yanzu har an ce shi zai riƙa yi wa sababbin injiniyoyi bayani in an ba su mutane.

Na ce, "Baba fa?"

Ya juya yana kallon 'yan keke.

"Yana zuwa aiki. Waldarsa tana kyau."

"Ya huce?"

"Ban sani ba, Kawu. Ban tambaye shi ba. Yanka mini wajen cinya, ban da ƙashi."